Man Aksil ɗin da Malam Mumini Ya Ce Sai Bayan Sallah

Akwai wani direba a Fagge mai suna Abdulmuminu, wanda 'yan Kantin Kwari suke kira Malam Mumini. Yana da wata farar akori-kura da ya saya ta hannu. Motar ba sabuwa ba ce, ba ta kuma tsufa ba, don agogonta ya nuna ta ci kilomita dubu ɗari da saba'in da 'yan kai. Da ita yake ɗaukar dilolin atamfa da shadda, da ita yake ciyar da gidansa.

In dai tsafta ce, babu mai kushe shi. Kullum da safe sai ya wanke ta, har tayoyi yake gogewa. Juyen baƙin mai kuwa bai taɓa bari ya wuce lokaci ba. Wannan ya sa yake ganin duk Kano babu wanda ya kai shi sanin mota. Idan ana hirar inji a majalisa ya buɗe baki, sai dai kowa ya yi shiru ya ɗauki karatu.

Sai dai yana da wata fahimta da ya gada a wurin maigidan da ya koya masa tuƙi: wai man giya da man aksil, wato ƙarfen da ke juya tayoyin baya, ba a juye su, in sun ragu ne kawai ake ciko. Ya riƙe wannan magana gam, kamar a littafi ya karanta ta.

Shekarar da abin ya faru, Babbar Sallah ta faɗo tsakiyar damina. Da an yi ruwa sai wasu titunan Fagge su cika. Masu adaidaita sahu su raɓe gefe suna jira ya janye, shi kuwa Malam Mumini ya danna ciki yana musu dariya, ruwa har ya rufe rabin taya.

Ana haka sai wani babban ɗan kasuwa a Kwari, Alhaji Goni, ya aika a kira shi. Direban da ya shekara goma yana kai masa kaya ya ajiye tuƙi saboda ciwon ido, shi ne Alhaji yake neman madadinsa.

"Ranar Asabar za ka kai min kaya Haɗeja," in ji Alhaji. "Masu shaguna suna jira, teloli suna jiransu. Idan na ga yadda ka yi, duk kayana na wannan layin kai za ka riƙa ɗauka."

Malam Mumini ya fito bakinsa har kunne. Shekara da shekaru yana zaman jiran lodi a bakin kasuwa, yau a samu gobe a rasa. Ga shi yanzu aiki tsayayye ya zo har inda yake.

Ranar Alhamis ya kai motar gareji a Sabon Gari don a yi juye. Bakanikensa Cyprian ne, haifaffen unguwar, wanda iyayensa suka zo daga kudu maso gabas tun kafin a haife shi. Hausa a bakinsa kamar ta Bakano.

Cyprian yana da wata al'ada. Idan ya gama juye ya sa sabuwar filta, ba ya rufe bonet ya sallami mutum. Sai ya duba man birki da ruwan lagireto, sannan ya kwanta ƙarƙashin mota ya kwance noti ya tsoma yatsa a giya da aksil.

Ya daɗe a ƙarƙashin, sannan ya fito yana nuna yatsarsa. Man da ya kamata ya zama garau ya koma fari-fari, kamar shayin da aka cika wa madara.

"Malam Mumini, ruwa ya shiga aksil ɗinka na baya. Kana shiga ruwa da ita ne?"

"Wace mota ce ba ta shiga ruwa da damina?"

"Gaskiya ne. Amma wannan ba mai ba ne yanzu. Ba ka jin wani kuka daga baya in ka ba ta wuta?"

Yana ji. Kwana goma ke nan yana jin kukan, sai dai ya ƙure rediyo. Amma ya ce shi bai ji komai ba.

"Bari mu zubar da shi mu zuba sabo," in ji Cyprian. "Aikin rabin awa ne. Man giyar ma ya yi baƙi, tun da na san motar nan ban ga an taɓa shi ba. In ka bari na buɗe bayan na ga ko boris, wato ƙwallayen ƙarfen da ke ciki, bai fara ci ba, ya fi."

Malam Mumini ya yi dariya. "Oga Cyprian ke nan. Ku dai in Sallah ta matso ba kwa rasa abin ganowa a motar mutane. Shekarata ashirin ina riƙe da sitiyari, ban taɓa jin an juye man aksil ba. Yi mata ciko kawai. Sauran sai bayan Sallah."

Maganar ta yi wa Cyprian zafi, don a gaban mutane aka faɗe ta. Amma bai ɗaga murya ba.

"Ciko a kan ruwa ba zai yi komai ba, Malam. Motarka ce, ba zan maka dole ba. Amma in ni ne, ba zan ɗora mata nauyi a haka ba."

Malam Mumini ya karɓi mukullinsa ya tafi.

Ranar Asabar da hantsi 'yan dako suka loda dilolin Alhaji Goni har motar ta zauna. Aka ɗaure, aka rufe da tamfol. Malam Mumini ya fita daga Kwari yana ɗaga wa mutane hannu.

Daga Titin Ibrahim Taiwo kukan ya koma gurnani. Yana isa mahaɗar Bata sai ya ji wani ƙaras daga baya, motar ta yi tsalle ɗaya, tayoyin baya suka cije. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi, a tsakiyar hanya. Hon ya kaure ta ko'ina. Masu adaidaita sahu suna ratsewa ta gefensa, kowa da abin da yake faɗa masa. Ko Sabon Gari bai wuce ba, balle a yi maganar Haɗeja.

Babu yadda ya iya, ya kira Cyprian. Cyprian ya zo da motar ja, bai ce masa "ai na faɗa maka" ba, sannu kawai ya yi masa. Da aka buɗe aksil ɗin a gareji, haƙoran ƙarfen sun kakkarye, boris ya narke. Sai an nemo wani aksil ɗin gaba ɗaya, kuma irin nasa ba ya samuwa a kusa.

Kayan kuwa, sai da yamma aka sami wata mota ta kwashe su. Sun isa a makare, wasu masu shagunan sun riga sun sara a wani wuri.

Washegari Malam Mumini ya je shagon Alhaji Goni. Ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya ce tsautsayi ne.

"Tashi ka zauna," in ji Alhaji. "Mota ƙarfe ce, tana lalacewa, ban riƙe ka da wannan ba. Abu ɗaya zan tambaye ka, ka faɗa min tsakaninka da Allah. Kafin ka ɗauki kayana, akwai wanda ya ce maka motar tana da matsala?"

Malam Mumini zai iya cewa a'a, don Alhaji bai san Cyprian ba. Amma an haɗa shi da Allah.

"An faɗa min, Alhaji. Ranar Alhamis."

"Gyaran na kwana nawa ne?"

"Rabin awa."

Alhaji Goni ya jinjina kai. "Na ji daɗi da ba ka min ƙarya ba, kuma za mu ci gaba da gaisawa. Amma kayan nan rabinsu amanar mutane ce. Wanda aka nuna wa matsala da idonsa ya ce sai bayan Sallah, ba zan iya ɗora masa ita ba."

Aka ba wani direban aikin. Motar Malam Mumini ta yi kwana goma sha ɗaya a kan jak, duk hada-hadar Sallah ta wuce shi yana zaune a benci a garejin Cyprian. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don ya san babu wanda ya cuce shi.

Darasi: Baƙin mai ba shi kaɗai ne man mota ba. Man giya, man aksil, man birki da ruwan lagireto duk suna da lokacinsu, musamman in motarka ta fara nisa ko tana shiga ruwa. Kuma in wanda ya san aiki ya nuna maka matsala tun tana ƙarama, ka ajiye girman kai ka saurara, don daɗewa a kan kuskure ba ya mayar da shi daidai. Ku tura wa duk wani direba ko mai mota da kuka sani, wataƙila yau ma yana jin wani kuka yana ƙure rediyo.