Kalmar Sirrin Ustaz Fayiz

Akwai wani matashi a nan birnin Irbid mai suna Muhannad, ma'aikacin sashen kwamfuta a wani kamfani. Duk wanda wayarsa ta rikice a dangi shi yake nema. Yana gyarawa kuwa, sai dai kafin ya miƙo maka wayarka sai ya sa ka ji kamar ba ka taɓa shiga aji ba.

Mahaifinsa, Ustaz Fayiz, malamin lissafi ne da ya yi ritaya bayan shekara talatin da huɗu yana riƙe da alli. Zaman gida bai karɓe shi ba. Sai ya shiga wani shafin koyarwa a intanet, ya tara yara goma sha huɗu 'yan ƙauyuka masu shirin jarrabawar gama sakandare, yana koya musu kyauta. Kullum bayan la'asar zai buɗe kwamfutarsa, kofin shayi a gefe, shafin ya buɗe da kansa, ya hau aiki.

Wata rana ya buɗe, shafin ya ce sai ya rubuta kalmar sirri. Shekara biyu rabonsa da ita. Ya kira ɗansa.

Muhannad ya yi masa jagora ta waya har suka sa sabuwa, ya ce, "Yanzu burauzar, wato manhajar da kake shiga intanet da ita, za ta tambaye ka ko ta ajiye kalmar. Ka danna eh, shi ke nan."

Washegari shafin ya sake neman kalmar. Jibi ma haka.

"Baba, ka danna ajiye kuwa?"

"Ba ta tambaye ni ba, ɗana."

"Tana tambaya. Kowa tana tambayarsa. Kai ne ba ka lura."

Haka aka yi ta yi. Ustaz ya rubuta kalmar, ya haɗa tsohuwa da sabuwa, ya yi kuskure sau uku, shafin ya kulle shi. Yara suna can suna jira, shi yana nan yana gumi. Ya sake kiran Muhannad a wajen aiki, a gaban abokan aikinsa.

"Baba, ina da taro! Sau nawa zan faɗa? Kwamfuta ba ta mantuwa. Mutum ne ke mantuwa. Ko dai shekaru ne suka fara aikinsu?"

Ya faɗa da dariya, abokansa ma suka yi dariya. A ɗaya ɓangaren kuwa Ustaz ya ce, "To, Allah ya taimaka," ya ajiye waya.

Daga ranar bai sake kira ba. Muhannad ya ɗauka matsala ta ƙare.

Bayan mako biyar mahaifiyarsa ta kira shi da safe, tana magana ƙasa-ƙasa daga kicin.

"Kai, me ka faɗa wa ubanka?"

"Ni? Me ya faru, Mama?"

"Ya sallami ɗalibansa. Ya ba ni makullin mota ya ce in ɓoye. Jiya na same shi a gaban firiji yana karanta sunayen jikokinsa da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ciwon yayansa Salim ne ya kama shi."

Baffa Salim shi ne wanda ya yi shekara shida yana tambayar matarsa wace ce ita, har Allah ya karɓi ransa. Ustaz Fayiz ne yake yi masa aski da wanka a shekarun ƙarshe.

Ranar Juma'a bayan masallaci Muhannad ya zo gida. Mahaifiyarsa, Umm Muhannad, ta kifar da tukunyar makluba a faranti, shinkafa da kaza da gauta suna tururi, amma maigidan cokali uku ya yi ya ture.

"Abu Muhannad, ci mana. Ko girkin nawa ma ka manta daɗinsa?" in ji ta, tana ƙoƙarin sa shi murmushi. Bai yi ba.

Bayan an kwashe kwanuka Muhannad ya ɗauko kwamfutar, abin da ya kamata ya yi tun ranar farko. Ya shiga shafin, ya rubuta kalmar sirri, ya jira ƙaramin akwatin nan mai tambaya ko a ajiye.

Bai fito ba.

Ya fita, ya sake shiga. Bai fito ba. Ya duba ko burauzar ta tsufa, ya ga sabuwa ce. Ya duba ko wata manhaja ce ke hanawa, babu. Sai ya shiga saiti, wajen kalmomin sirri. Maɓallin tambayar a kashe yake. Ya gangara ƙasa, ya ga an kuma saita ta ta goge komai duk lokacin da aka rufe ta.

Wannan ba aikin tsoho ba ne. Aikin wanda ya san abin da yake yi ne. Yana cikin tunanin wa ya taɓa kwamfutar, sai hannunsa ya tsaya cak.

Shi ne.

Kusan wata biyu da suka wuce, wata Juma'a irin wannan, wayarsa ta mutu, ga wa'adin neman wani aiki a Dubai zai cika a ranar. Bai so iyayensa su san yana shirin tafiya ba. Ya ari kwamfutar suna barcin rana, ya aika takardunsa, ya goge duk abin da burauzar ta ajiye, ya kashe maɓallin, ya kuma saita ta ta riƙa goge komai don kada ta riƙe tasa kalmar. Ya ce zai mayar kafin ya tafi. Aka kira shi shan kofi, ya manta.

Ya kunna maɓallin, ya cire saitin gogewar. Daƙiƙa biyu ya ɗauka.

"Me ka gani?" in ji mahaifinsa daga kan kujera.

Muhannad bai ɗago ba. "Wata 'yar matsala ce ta manhaja, Baba. Na gyara."

"Madalla. Ka ba Rula ita, yaranta sa yi karatu da ita." Rula ƙanwar Muhannad ce. "Ni na gama da wannan. Zo nan, akwai abin da zan ba ka tun ina iya bayani."

Ya zaro wani littafi mai shuɗin bango daga ƙarƙashin matashi. A kowane shafi akwai kwanan wata, da sunayen 'ya'ya da jikoki, da abin da ya ci jiya, da lissafi biyar da yake ba kansa kowace safiya, ya kuma yi wa kansa maki da jan biro. Duk daidai suke. A shafin ƙarshe ya rubuta: "Muhannad, ranar da na daina gane ku, kada ku bar uwarku ta yi jinyata ita kaɗai. In na zage ka, ba ni ba ne."

Muhannad ya karanta sau ɗaya, ya kasa maimaitawa. Ya sauka daga kujera ya durƙusa a gaban mahaifinsa.

"Baba, ƙarya na yi maka yanzu. Ba manhaja ba ce. Ni na kashe abin da hannuna. Ba ta taɓa tambayarka ba, ko sau ɗaya. Gaskiya kake faɗa tun farko."

Ya kwashe labarin duka ya faɗa, har da Dubai.

Umm Muhannad ta dafe ƙirji. "Dubai? Wato da sai dai mu ji a bakin maƙwabta? Ka kusa haukata mini miji, kuma kana haɗa jaka a ɓoye!"

Ustaz Fayiz ya ɗaga mata hannu. Ya daɗe yana kallon littafin a cinyarsa.

"Ba ta tambaya ba," ya faɗa a hankali. "Ka tabbata?"

"Wallahi, Baba."

Tsohon ya cire tabarau ya rufe fuska da tafinsa. Kafaɗunsa suka yi ta girgiza, ba wanda ya san ko kuka yake ko dariya. Da ya buɗe fuska, idonsa ja.

"Kashe maɓalli ba laifi ba ne, kowa yana mantuwa, ga shi kai ma ka nuna ka iya. Amma ɗana, shekara talatin da huɗu, in yaro ya ce mini amsar littafi ba daidai ba ce, sai na zauna na lissafa kafin in ce ya yi kuskure. Ni ubanka na faɗa maka abu sau bakwai. Daga ofis ɗinka zuwa nan minti goma ne."

Muhannad ya kama hannunsa ya sumbata, ya ɗora a goshi. "Ka yafe mini."

"Na yafe. Amma ba ni kaɗai ka cuta ba. Saura mako uku jarrabawa, yaran nan sun yi mako biyar babu malami. Gobe bayan la'asar za ka zauna a kujerata ka faɗa musu da bakinka."

Haka aka yi. An aika wa duka goma sha huɗun saƙo, tara suka shigo. Sauran, wasu sun koma wurin wani malami, biyu kuwa sun haƙura da jarrabawar lissafin bana gaba ɗaya.

Muhannad ya zauna gaban kyamara, mahaifinsa a tsaye a bayansa, ya yi musu bayani ba tare da rage komai ba. Da ya gama, sai wata yarinya mai suna Bayan, daga wani ƙauye kusa da Ajlun, ta buɗe makirufo.

"Ustaz, mu fa mun ɗauka mu ne. Mun ɗauka ka gaji da mu ne saboda ba ma ganewa da wuri. Ni har na daina taɓa littafin."

Muhannad ya sunkuyar da kai. Mahaifinsa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Tashi, ka ji abin da ya kamata ka ji."

Ustaz ya zauna, ya gyara tabarau, ya ce, "Bayan, ɗauko littafin. Shafi na tamanin da biyu. Ba mu da lokaci."

Darasi: In babba a gidanku ya ce wani abu ba ya aiki, ka je ka duba kafin ka ɗora laifi a kan shekarunsa. Maganar da ka jefa da wasa tana iya zama abin da zai kwana yana tunani, ya tashi da shi. In kuma ka gano kai ne mai laifi, ka faɗa da bakinka, domin gyara a ɓoye ba ya cire tsoron da ka dasa a zuciyar wani. Ku tura wa duk wanda iyayensa ke kiransa kan waya ko kwamfuta, ya karanta kafin kira na gaba.