Habib da Lambun Aro

Akwai wani saurayi a Jiratawa, Habib, ɗan Malam Chaibu mai lambu. Da ya samu bak, wato shaidar gama sakandare, uban ya so ya karanci noma a nan Maradi. Habib ya ce ya gaji da laka. Yamai za shi, ya karanci shari'a, ya dawo alƙali.

Ya dawo da digirinsa. Sau biyu yana zama jarrabawar ɗaukar alƙalai, sunansa bai fito ba. Ofishin lauyan da ya shiga duk, sai a ce ya bar takardunsa. Ilimi na cinsa, ba inda zai sauke shi.

Sai ya sauke shi a kan lambun ubansa.

Lambun aro ne. Shekara talatin ke nan da Alhaji Maliki na Tsibiri ya ba Malam Chaibu shi da baki, ba takarda. Duk shekara, yankan zogale na farko, tsohon kan cika kwando ya kai Tsibiri. Ba haya ba ce, shaida ce cewa bai manta mai wuri ba.

Habib ya ce kwandon nan ne ke mai da su bayi. A daina kaiwa, a yi takarda da sunansu.

"Habib, mutumin nan bai taɓa tambayata ko ganye ɗaya ba."

"Baba, ku ba ku san doka ba. Ku bar mini."

Tsohon ya ji nauyin musa wa ɗan jami'a. Shekarar nan kwando bai tafi ba.

Habib ya je neman takardar lambun, masu ofishin suka ce sai maƙwabta sun shaida. Kowa ya faɗi abin da ya sani: aro ne. Magana ta kai kunnen Alhaji Maliki. Bai yi faɗa ba, ya aiko a bar masa wurinsa.

Malam Chaibu ya je Tsibiri ba da haƙuri. Ya zauna a zaure tun hantsi har la'asar, ba a fito ba.

Ya koma ƙwadago a lambunan mutane, furfurarsa tana sunkuye bisa zogalen wasu. Damina ba ta iske shi ba.

Ranar jana'iza Habib ya matso zai kama makara. Baffansa Abdulmutallib ya ture hannunsa a hankali.

"Matsa, alƙali. Kai ka gama naka aikin a kansa."

Darasi: Kafin ka zaɓi karatu, ka tambayi inda zai kai ka. In ka samu, kada ka gwada kaifinsa a kan amanar da ta ciyar da kai. Ku tura wa duk mai shirin shiga jami'a, tun iyayensa na raye.