Manomin da Ya Kasa Gama Sharar Gona

A wani ƙauye an yi wani manomi mai son tsabtar gona. Kowace bazara sai ya tara kara da ganye ya cinna musu wuta, ya bar gona fes. Masu wucewa su yi ta yaba masa, shi kuwa kansa ya yi ta kumbura.

Amma shekaru suka canza. Zafin rana ya yi ta ƙaruwa, ƙasar da ya bari tsirara ta gasu, ta yi tauri kamar daɓe. In ruwa ya sauko, sai ya bi ta kai ya wuce. Shekara biyu shukarsa tana ƙonewa, har irin geronsa ya rage na shuka ɗaya tak. In wannan ya mutu, gidansa ba abinci.

Da bazara ta sake zuwa, yana cikin shara, ya kai rabi, sai ya yi targaɗe a ƙafa ya kwanta. Ruwan shuka ya sauka. Matarsa ta ɗauki irin ta shuke gonar duka, har inda kara yake kwance.

Ya ce, "Wayyo, kin ba ni kunya! A juji kika zuba mana iri?"

Ta ce, "Maigida, ai ruwa ba zai jira ƙafarka ba."

Sai ruwa ya ɗauke kwana ashirin, rana ta buɗe. Da ya sami sauƙi ya dogara sanda ya tafi gona. Gefen da ya share, shuka ta bushe ƙurmus. Ɗaya gefen kuwa kore shar! Ya ɗaga kara, ya tarar da ƙasa da sanyi da laima, gara ta huda ta ko'ina, ganye ya ruɓe ya zama taki. Ya fashe da dariya, ya ƙwala wa matarsa kira, "Zo ki gani! Ashe da ƙafar nan ta bar ni, da na ƙone abincinmu da hannuna!" Da kaka kuwa suka ci, suka ajiye iri, har suka sam wa maƙwabta.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Ƙasar da Ubangiji ya ba mu amana tana da rai, zafin zamanin nan kuwa yana wahalshe ta. Ku bar mata kara da ganye ta rufa, za ta ciyar da ku. Manomin kuma mu ne, masu aiki don a yabe mu. Ranar da Allah ya tsai da kai a tsakiyar aikinka, kada ka yi gunaguni. Wataƙila hannunka yake riƙewa, don wuta ce a ciki.