Lambar da Rafi'u Ya Ciyo da Sunan Braima

Rafi'u haifaffen unguwar Hindawiyya ne a birnin Jidda. A ƙafa kakansa ya taso daga ƙasar Hausa zuwa aikin hajji, bai koma ba. Allah ya yi wa Rafi'u baiwar gudu, duk kudancin Jidda ba mai kamo shi. Sai dai da iƙama, wato takardar zaman baƙo, yake zaune, babu ƙasar da ta taɓa kiransa ya wakilce ta. Aibinsa ɗaya: idan ya ƙwallafa rai a kan abu, ƙarya ba ta yi masa nauyi a baki.

Amininsa shi ne Braima, mutumin Gini Bisau, mai gyaran mota a unguwar Nuzla. Tare suke atisaye a bakin teku bayan sallar asuba. Tsayinsu ɗaya, fuska ma kusan ɗaya, har mutane na kiransu tagwaye.

Wata shekara aka rubuto wa Braima daga gida cewa an zaɓe shi ya yi wa ƙasarsa gudu a gasar ƙasashe masu amfani da harshen Fotugal, wadda za a yi a Lisbon. Rafi'u ya rungume shi ya ce mabruk, amma zuciyarsa ta yi baƙi.

Saura mako guda a tashi, zazzaɓi ya kayar da Braima. Rafi'u ya zo dubiya, ya same shi yana rawar sanyi.

"Ya akhi, kawo fasfo da iƙamarka da tikitin," in ji Rafi'u. "Zan kai wa kafilinka a ɗaga maka tafiyar."

"Allah ya saka. Yaushe za ka dawo?"

"Bayan la'asar. Halas, kai dai ka kwanta."

Bai je wurin kafili, ubangidan da ya tsaya wa Braima a hukuma, ba. Ya ɓuya har ranar tafiya, ya hau jirgi da sunan Braima. A Lisbon babu wanda ya san Braima ido da ido cikin tawagar. Da suka yi masa magana da harshensu, sai ya nuna musu cewa daɗewa a Saudiyya ta sa ya manta. Ranar gudu ya zo na uku. Aka rataya masa lambar tagulla, aka ɗaga tutar ƙasar da bai taɓa takawa ba, mai shela ya kira sunan Braima. Rafi'u ya ce a ransa, idan na kai masa lambar nan ai zai huce.

Da ya dawo, daga filin jirgi Nuzla ya wuce. Ya tarar da kwaɗo a ƙofar ɗakin. Hajiya Bashira, maƙwabciyar Braima mai sayar da waina, ta fito ta daɗe tana kallonsa.

"Sai yanzu, Rafi'u?"

"Khala, ina Braima?"

"Yau kwanansa shida a ƙasa. Mun ce yalla mu kai ka asibiti, ya ce ba takarda a hannunsa, yana tsoro. Mun ce to a faɗa wa hukuma wanda ya karɓa, ya ce a'a, kada a jawo maka fitina. Ko da muka ɗauke shi da ƙarfi, ciwon ya riga ya ci jikinsa. Har ranar ƙarshe ƙofa yake kallo, yana cewa bayan la'asar za ka dawo."

Ta miƙa masa wayar marigayin, ta ja ƙofarta.

Tun daga ranar Rafi'u bai sake gudu ba. Da an kira la'asar sai ya riƙa jin kamar ana jiransa a wani ɗaki. Kowace Juma'a kuma wayar sai ta yi ƙara. Mahaifiyar Braima ce. A rediyo ta ji ɗanta ya ci lamba, ba wanda ya sanar da ita rasuwar. Rafi'u yakan ɗauka ya yi shiru, ya ji tsohuwa tana kiran sunan ɗanta tana sa albarka.

Sai da ya shafe wata huɗu a haka, sannan ya nemi Abdulghaffar, wani tela mai jin Fulatanci, harshen tsohuwar, ya yi masa tafinta a waya. Rafi'u ya faɗa mata komai, bai rage ba. Tsohuwar ba ta zage shi ba. Ta yi magana a hankali.

"Me ta ce?" in ji Rafi'u.

"Ta ce ka je ka tsaya a kan kabarinsa, ka kara wayar, tana so ta yi masa sallama."

Rafi'u ya je maƙabarta. Ya tarar da kaburbura jere, ba suna, ba alama, kuma shi bai halarci jana'iza ba. Ya tsaya cikin rana da waya a hannu, tsohuwa tana ta magana, bai san inda zai kara ta ba.

Darasin wannan labari shi ne, duk ɗaukakar da aka samu ta hanyar cin amana ba ta zama ta mai ita. Abin da kake ganin aro ne na 'yan kwanaki, wataƙila da shi rayuwar wani ta rataya. Kada hassada da gaggawa su sa ka yaudari wanda ya yarda da kai, domin akwai laifin da kafin ka dawo neman gafara, mai yafe maka ya riga ya tafi.