Yanzu-yanzu da Fentin Jif

Akwai wani direba da ake yi wa laƙabi da Yanzu-yanzu. Mutum ne mai kirki, ya iya tuƙi, ba ya cin haƙƙin kowa, amma ba shi da haƙurin jira ko kaɗan. In ya kai ɗinki, a bencin tela zai zauna yana kaɗa ƙafa har a gama. Duk abin da aka tambaye shi yaushe za a yi, amsarsa ɗaya ce, daga nan sunan ya bi shi.

Yana da wata tsohuwar jif mai shiga daji, wadda ya daɗe yana jigilar mutane da kaya da ita zuwa ƙauyukan da ƙananan motoci ba sa iya kaiwa. Injinta lafiya lau, don a nan kam ba ya wasa. Jikinta ne ya sha wuya. Ƙaya ta kakkarce shi, rana ta cinye launin, har ba a iya cewa shuɗiya ce ko ruwan toka. Kullum da safe yakan goge ta da tsumma mai ɗan baƙin mai don ta yi sheƙi. Da aka shimfiɗa kwalta a hanyar da yake bi, fasinjoji suka koma shiga bas. Jif ta yi wata uku a ƙofar gida ba aiki, cefane ya fara gagararsa.

Ana nan, ranar wata Laraba, aka gaya masa cewa wasu masu haƙa rijiyar burtsatse suna neman mota mai shiga daji tare da direbanta, aikin shekara guda cur. Injiniyansu zai duba motoci biyu ranar Asabar, tasa da ta wani direba, ya zaɓi ɗaya. Yanzu-yanzu ya zagaya jif ɗinsa yana kallonta, ya ga ba zai iya kai ta gaban manya a haka ba. Kai ta gareji kuwa ya fi ƙarfinsa. Sai ya tafi wajen maƙwabcinsa, wani dattijo da ya tsufa a sana'ar fentin mota.

"Baba, ana iya yi wa mota fenti a gida, da hannu?"

Dattijon ya ce, "Sosai ma, kuma da araha. Fentin mai, da rola, da buroshi, sun ishe ka. Amma ka saurara. Za ka wanke ta da sabulu sau biyu, don wannan baƙin man da kake shafa mata fenti ba ya kama shi. Sai ka bi ta da samfefa lungu-lungu. Ka tsinka fentin da tina, ka shafa shi siriri, ka bar shi ya kwana ya bushe kafin ka ƙara wani. Ƙofofi da bonet kuma a buɗe za ka bar su."

"Kwana nawa ke nan, Baba?"

"Bakwai, in an samu rana."

"Ni uku gare ni."

"To ka bar ta yadda take, ɗana. In an gama dubawa sai mu yi tare."

Yanzu-yanzu ya yi godiya ya tashi, amma tun kafin ya kai ƙofa ya riga ya yanke abin da zai yi. A ranar ya sayo koren fenti da rola. Tina kuwa ya ce ɓata kuɗi ne, ai fenti mai kauri ya fi saurin rufewa.

Ranar Alhamis da safe ya watsa wa jif ruwa bokiti ɗaya, ba sabulu. Ya goga samfefa a ƙofa ɗaya, hannunsa ya gaji, ya jefar. Ya liƙe gilasai da tsofaffin jaridu, ya rufe ƙofofi da bonet don kada su tare masa hanya, ya kama shafawa. Ba a jima ba fentin ya fara darewa, yana barin ƙananan ramuka duk inda baƙin mai ya zauna. Wani zai tsaya ya yi tunani. Shi kuwa sai ya ƙara tsoma rola, ya cike ramukan da fenti mai kauri. Kafin la'asar ya yi shafi na biyu a kan na farko da bai bushe ba.

Matarsa ta leƙo ta ce, "Maigida, ba Baba ya ce a bar shi ya kwana ba?"

Ya ce, "Baba aikin tsofaffi ya sani. Ke dai ki zuba ido."

Ranar Juma'a ya lafta na uku. Da yamma ya taɓa da ɗan yatsa, ya ji saman ya bushe. Jif ta yi kore shar tana ɗaukar ido, masu wucewa suna yi masa barka, bakinsa har kunne. Abin da bai sani ba shi ne, saman kawai ya yi fata, na ƙasa yana nan danye.

Ranar Asabar, sai da ya fizgi ƙofar direba da ƙarfi kafin ta buɗe. Ya tuƙa zuwa filin da masu haƙa rijiyar suke ajiye kayan aikinsu. Ga zafin rana daga sama, ga zafin inji daga ƙasa, fentin bonet ya yi laushi. Ɗaya direban ya riga shi isowa, da wata jif da ta fi tasa muni ko kafin ya yi mata fenti.

Injiniyan ya zo, ya amsa gaisuwa, bai ko yaba launin ba. Ya ce, "Buɗe mini bonet."

Yanzu-yanzu ya ja abin buɗewa, shiru. Ya sake ja, shiru. Fenti ya cika tsagar bonet ya liƙe ta gam. Ya fito da sauri ya dafa bonet da tafin hannu don ya jijjiga, sai fatar fentin ta zame ƙarƙashin hannunsa, ta tattare kamar yanar dafaffiyar madara. Ya ɗago hannu kore shar, tsohon launin ya bayyana.

Injiniyan ya sa ɗan yatsa ya lakato, ya duba. "Yaushe aka yi wannan?"

"Jiya aka gama, ranka ya daɗe. Amma wallahi injin kamar sabo yake. Bari in nemo wuƙa in tsaga, yanzu-yanzu."

"Bar shi, malam. Motar da aka lafta wa fenti haka ana gobe dubawa, ban san abin da aka rufe ba, ko tsatsa ko tsagewa. Mutanena zan zuba a ciki su yi kwanaki a daji. Kuma wanda ya yi wa motarsa wannan aikin gaggawa, ban san yadda zai yi da su a bakin rafi ba."

Ya wuce wajen ɗaya motar. Aka buɗe bonet, ya saurari inji, ya leƙa ƙarƙashi, ya ba wancan direban aikin. Aka bar Yanzu-yanzu tsaye da koren hannu. Na tabbata injinsa ya fi na wancan, kuma abin da ya fi ba ni takaici ke nan, don ba wanda ya ko gan shi. Sai da ya yi mako uku a ƙofar gida yana kankare fentin da ya shafa cikin kwana biyu, motocin masu haƙa rijiya suna wucewa ta gabansa suna shiga daji.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kowane aiki yana da matakansa da lokacinsa, kuma wanda ya tsallake su ba ya rage wa kansa wahala, ƙara ta yake yi. In wanda ya san sana'a ya ce ka jira, ka jira. In lokaci ba zai ishe ka ka yi abu da kyau ba, gara ka gabatar da shi yadda yake, domin mutane sun fi amincewa da aibin da suke gani a fili a kan kyan da aka yi cikin gaggawa.