Ɓarar Gyaɗa a Gidan Uwar Nomau

Akwai wani magidanci a wani birni, mai sayar da atamfa, yana da mata da 'ya'ya uku. Allah ya rufa masa asiri, ba ya neman na abinci a hannun kowa. Amma akwai abin da ya tsaya masa a rai tun yana yaro, wanda ko matarsa bai cika yi wa zancensa ba.

Sa'ad da yake ɗan shekara uku, uwarsa ta goya shi za su haye wani rafi a tsakiyar damina, suna dawowa daga kasuwar ƙauye. Ruwa ya fi ƙarfinta, zanen goyo ya kwance, yaron ya faɗa. A bakin rafin kuwa akwai wani saurayi mai suna Nomau yana noma. Bai san su ba, ba su san shi ba. Ya yar da fartanya ya faɗa ruwa, ya cafko yaron ya tura shi gaɓa. Shi kuwa ruwa ya yi gaba da shi, sai washegari aka sami gawarsa. Nomau kuwa shi kaɗai uwarsa ta haifa, mijinta kuma ya riga ya rasu.

Mutumin ya girma da wannan labari a kunnensa. Shekara talatin da biyar bai taka ƙauyen nan ba, ba kuwa don raini ba, tsoro ne ya hana shi. Yakan ce a ransa, “Da wane ido zan dubi matar da ta binne ɗanta saboda ni?” Ran nan wani ɗan ƙauyen ya zo sayen atamfa, a cikin hira ya ce uwar Nomau tana nan da rai, amma ƙarfi ya ƙare. Mutumin ya ga in ta rasu, shi ke nan, har abada ba zai san ko tana riƙe da shi a zuci ko ta yafe masa ba.

Sai ya yi shiri irin na mutanen birni. Ya rubuta tambayoyi ashirin a takarda, ya ɗauki turmin atamfa da sabulu, ya ce wa matarsa kada ta damu, zai dawo ya ci tuwon yamma a gida. Mutanen birni, Allah ya ba su haƙuri, ko gaisuwar mutuwa suka je sai sun duba agogo.

Ƙarshen bazara ne, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ya tarar da tsohuwar a ƙarƙashin rumfa, zaune a tabarma, ga buhun gyaɗa a gefenta tana ɓarewa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗa mata ko shi wane ne. Hannunta ya tsaya kaɗan, sa'an nan ya ci gaba da aiki.

Ta ce, “Sannu da zuwa. Ga randa can, ka sha ruwa.”

Ya sha, ya dawo, ya fito da takardarsa. Ya ce, “Iya, yaya kamanninsa suke?”

Ta ce, “Dogo ne.”

“Halinsa fa?”

“Mai kirki ne.”

Haka aka yi ta yi. Kafin inuwar rumfa ta matsa taku ɗaya, tambayoyi ashirin sun ƙare, bai kuwa san Nomau fiye da yadda ya san shi a birni ba. Ya ce a ransa, abin da na ji tsoro ke nan, matar nan ba ta son ganina. Tambaya ɗaya tak da ta kawo shi, wadda bai rubuta a takarda ba, har yanzu bai yi ta ba.

Ya miƙe zai yi sallama, sai ta turo masa ƙwarya da ƙafarta. Ta ce, “Ruwa ya kusa sauka, hannuna kuwa ya yi nauyi. In ba sauri kake yi ba, taya ni.”

Ya dubi buhun, ya dubi farar rigarsa. Ya ce, “Iya, bari in sa shi a mota in kai inji. Kafin ki gama sallamar maƙwabta an ɓare miki duka.”

Tsohuwa ta yi dariya har haƙoranta biyu da suka rage suka bayyana. Ta ce, “Wannan ta iri ce. Inji yana ji mata ciwo, in an shuka ba ta fitowa. Sai da hannu, ɗaya bayan ɗaya.”

Kunya ta sa ya zauna. Ya ɗauki gyaɗa ya matsa, ƙwaya ta faɗa ƙwarya, ya yar da ɓawo, ya ɗauki wata. Aikin ke nan, ba wani sabo a cikinsa. Da fari hankalinsa ba ya wurin ko kaɗan, yana can shago, yana kan hanya, yana kan babban yatsansa da ya fara zafi. Can dai hannu ya saba, ya daina duba agogo, ba a jin kome sai ƙas, ƙas na ɓawon gyaɗa. Sai tsohuwar ta yi magana, ba tare da ta ɗaga kai ba.

“A gona na haife shi. Ruwa ya tare mu a bukka, ba ungozoma, ba kowa sai ni da ubansa.”

Mutumin ya ci gaba da ɓara, don yana tsoron in ya yi magana za ta daina. Ta ba shi labarin haihuwar. Ta faɗa masa yadda yaron ya ɓace mata a kasuwa yana ɗan shekara bakwai, ta yini tana kuka tana nema, ashe yana maƙera zaune ya dami maƙeri da tambaya. Ta faɗa masa yadda da ya girma ba ya iya wuce gonar tsoho ko ta gwauruwa ya ga ciyawa bai sa fartanya ba, har nasu noman yakan makara, ita kuwa ta yi ta faɗa a banza.

A nan mutumin ya gane abin da bai gane da safe ba. Ba ƙin sa ta yi ba. Zancen ɗanta ne ba ya fita in an tsare ta da ido ana jiran amsa. Sai an zauna kusa da ita, hannu yana aiki, zuciya ta kwanta, sa'an nan yake zuwa da kansa. Ya aika wa matarsa cewa ba zai dawo ba yau, wani maƙwabci ya ba shi masauki.

Washegari suka zauna, suka ɗauki gyaɗa. Tsohuwa ta ce, “A gona na haife shi.”

Ya ce, “Iya, ai kin ba ni wannan jiya.”

Ta ce, “Na ba ka. Ka ji shi?”

Ya ɗauki wata gyaɗar ya matsa. Ta sake bayarwa daga fari, kusan da kalmomin jiya. Amma yau ya ji abin da ya wuce shi jiya, cewa uban ya yage rigarsa guda ɗaya da yake da ita ya naɗe jaririn, ya koma gida cikin ruwa ba riga. A rana ta uku ta sake, shi kuwa bai ƙosa ba. Yatsansa ya yi bororo ya fashe, farar riga ta koma kalar ƙasa, amma ya tarar in ta ambaci Nomau yana iya ganinsa, dogo, da fartanya a kafaɗa, yana dariya in uwarsa tana faɗa. Ya fara ƙaunar mutumin da a dā tsoron sunansa kawai yake ji.

A rana ta huɗu buhu ya kusa ƙarewa. Sai tsohuwa ta ce, “Ranar rafi, da tuwonsa a hannuna na fito zan kai masa gona, na ga mutane suna gudu.” Ta faɗi yadda aka bi gaɓa ana nema, da yadda aka kawo shi da safe aka kwantar a gabanta. Ta ce, “Hannunsa na dama a dunƙule yake. Da ƙyar aka buɗe. Guntun rigar yaro ne a ciki.”

Gyaɗa ta zube daga hannun mutumin. Ya kifa kansa a tabarma ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana yaro. Ya ce, “Iya, saboda ni ne. Ni na raba ki da shi. Kin yafe mini?”

Tsohuwa ta ajiye ƙwaryarta, ta ɗora hannu a kansa. Ta ce, “In yafe maka me? Ba kai ka tura shi ba, shi ya gan ka ya faɗa. Shekara talatin da biyar ina tambayar Allah, yaron nan ya rayu kuwa? Yana samun abinci? Ya yi aure? Ɗana ya ba da ransa a kanka. To in ba kai ne ɗana ba yanzu, wa ya rage mini? Tashi, ɗana, share hawayenka.”

Ya ce, “Don me ba ki faɗa mini tun ranar fari ba?”

Ta ce, “A tsaye ka zo. Wannan magana ba a faɗa wa wanda yake tsaye.”

Tun daga shekarar nan, kowane ƙarshen bazara mutumin yakan kawo matarsa da 'ya'yansa su zauna a ƙarƙashin rumfar, har ranar da Allah ya karɓi tsohuwar, shi ne kuwa ya binne ta.

To, ƙaunatattu, ga ma'anar wannan misali.

Mutumin nan ni ne, kai ne, ke ce. Nomau kuwa yana nuna mana Ubangijinmu Yesu, wanda ya ba da ransa domin mu tun ba mu san shi ba. A nan misalin ya gaza, kamar yadda kowane misali yake gazawa, gama Nomau bai tashi ba, Yesu kuwa ya tashi, yana nan da rai. Tsohuwar ita ce Uwarmu Maryamu, uwar Yesu. Ɓarar gyaɗa kuwa ita ce addu'ar rosari, wadda muke yi da carbi.

Sau da yawa matasa sukan tambaye ni, “Malam, ai Allah ya ji tun karon farko. Me ya sa za mu gai da Maryamu har sau hamsin da kalmomi iri ɗaya?” Tambaya ce mai kyau, ba na jin haushinta. Allah ya ji tun karon farko, gaskiya ne. Mu ne ba mu ji ba. Zuciyarmu ba ta iya zama wuri ɗaya, sai an ba yatsu carbi, an ba baki kalmomin da ya saba da su, sa'an nan takan kwanta ta dubi abin da aka sa a gabanta. Abin da aka sa a gabanta kuwa shi ne asiran nan da muke ambata kafin kowace goma ta ƙwayoyin carbi, wato haihuwar Yesu, da ayyukansa, da shan wahalarsa, da tashinsa. Labarin bai sāke ba tun muna yara, amma wanda ya zauna da shi yau zai ji abin da ya wuce shi jiya.

Ku lura kuma, mutumin bai je ƙauyen domin tsohuwar ta zama mai cetonsa ba. Ya je wurinta domin ba wanda ya san ɗan kamar uwarsa, ita kuwa duk maganar da ta fito bakinta ta ɗanta ce. Haka Maryamu take. Ba sujada muke yi mata ba, zama muke yi kusa da ita domin ta nuna mana Yesu.

Ubangiji ya gargaɗe mu a kan yawan surutu a addu'a ba tare da zuciya ba, gargaɗin kuwa yana nan daram. Da mutumin ya ɓare buhun duka yana tunanin shagonsa, da ciwon yatsa kawai zai kai gida. Akwai kuma masu kai rosari inji, su karanta shi a guje kamar ana korarsu, kafin ka ce amin sun kai goma ta uku. Na san su sarai, don ni ma nakan shiga cikinsu ranar da na gaji. Amma in hankalinka ya tafi kasuwa kana tsakiyar addu'a, kada ka ajiye carbi ka ce ba ka iya ba. Ka dawo da shi a hankali, ka kama ƙwaya ta gaba.

Maganata ta ƙarshe ga wanda ya daɗe bai yi addu'a ba, wanda kunyar abin da ya aikata ta hana shi zuwa, har ba ya iya ɗaga ido ya dubi gicciye. Ɗan'uwana, ina jin tausayinka, don na san nauyin nan. Ba sai ka shirya kalmomi masu kyau ba, an riga an ba ka waɗanda za ka faɗa. Tun Yesu yana kan gicciye ya danƙa almajirin da yake ƙauna a hannun uwarsa, mu duka kuwa muna cikin wannan danƙawa. Yau in ka koma gida, nemo carbin nan inda ka jefa shi, ka zauna, ka fara da goma ɗaya. In kuka ya zo maka a tsakiya, ka bar shi ya zo, a gaban uwarka kake.