Rumfuna Tara, Waya Ɗaya

Da aka zo rabon rumfunan sabuwar kasuwa, hukuma ta ce sai an tace sunaye. Shugaban kasuwa, Alhaji Gambo, ya kira Lantana mai aikin kwamfuta.

"Ki cire duk sunan da ya maimaitu, amma adadin ya tsaya ɗari huɗu cif. In kin kasa, ki ajiye aikin."

Lantana ta san so yake ta kasa, a bar jerin yadda yake. Ta ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Ta umarci kwamfuta ta tara sunaye bisa lambar waya, ta fito da duk lambar da ta bayyana fiye da sau ɗaya. Sai ga lamba guda ɗauke da mutum tara.

Washegari Alhaji ya duba jerin a gaban dattawan kasuwa, ya daka tsawa.

"Ina Gambo Sule? Ina Sule Gambo? Ina G. Sulaiman?"

"Na bar ɗaya, na goge takwas. Ka ce kada adadi ya ragu, sai na cike da masu tumatir takwas da ke jiran rumfa."

"Ai mutane ne daban-daban!"

"Ashe? To su zo su dangwala babban yatsa, in mayar da su yanzun nan. Naka biyu ne, Alhaji. Ko mun yi maka kara, sauran bakwai wa zai ara maka?"

Dattawa suka kwashe da dariya. Alhaji ya sa hannu a takardar, bai ɗago kai ba.